Oksijin a Gida da Akwatin Ozon: Nazarin Lamarin Wata Dattijuwa a Gadarif

Asalin lamarin

Dattijuwa ce mai shekara 68, tana zaune a wata unguwar Hausawa a Gadarif, gabashin Sudan, tare da 'yar autarta da surukarta da jikoki. Babban ɗanta yana aiki a Jidda, shi ke ɗauke da nauyin gidan. Ba ta taɓa shan taba ba. Amma sama da shekara 40 tana tuyar kisra, siririyar gurasar dawa ta Sudan, a kan faifan tuya da ake kira doka, da itace, tana suyar ƙosai tun asuba, a madafa mai ƙofa ɗaya babu taga, wadda bangonta ya yi baƙi ƙirin. Da la'asar a hura gawayi don jabana, wato gahawa, da dare a turara ɗaki. Ta yi tarin fuka kimanin shekara 20 da suka wuce, ta sha magani wata 6 ta warke.

Haki ya fara mata shekara uku kafin wannan lamari. Da farko sai ta ɗauki kaya take jin sa, daga baya har alwala tana sa ta tsayawa ta huta, ta koma yin salla a zaune. Mutanen gida sun ɗauke shi tsufa.

Disamba: kwanciya ta farko

Ranar 9 ga Disamba, bayan kwana huɗu tana mura, aka kai ta asibiti a raksha, babur mai ƙafa uku, leɓenta ya yi duhu. Ma'aunin oksijin na jini da ake maƙalawa a yatsa ya ƙi karantawa, saboda baƙin lallen biki da ke kan yatsunta. Da aka koma fatar kunne sai ya nuna 79 cikin 100. Lafiyayyen mutum yana tsakanin 95 da 100.

Gwajin kaki bai nuna tarin fuka ba. Hoton ƙirji ya nuna tsohon tabo a saman huhun dama, huhun kuma ya cika da iskar da ba ta fita. Ƙafafunta sun kumbura zuwa ƙwauri, kaurin jininta, wato kason jajayen ƙwayoyi cikin 100 na jini, ya kai 57, alamar jiki ya daɗe yana ƙara jajayen ƙwayoyin jini don cike giɓin oksijin. Gwajin hurawa da aka yi mata daga baya ya nuna iskar da take fitarwa a daƙiƙar farko 38 ce cikin 100 na abin da ake tsammani ga tsararta. Likita ya ce cutar toshewar hanyoyin iska ce, wadda ake taƙaita sunanta da COPD, ga kuma tabon tarin fuka.

Ta kwana 6. Ranar sallama, tana zaune babu oksijin ma'auni ya nuna 86, da lita 2 a minti ta robar hanci ya nuna 91. Aka rubuta mata maganin shaƙa iri biyu, salbutamol na lokacin buƙata da tiotropium sau ɗaya a rana, sai oksijin lita 2 a minti, aƙalla awa 15 a kowace rana, a riƙe ma'auni tsakanin 88 da 92.

Wannan awa 15 tana da tushe. Bincike biyu ne suka kafa ta, ɗaya a Amurka a 1980, ɗaya a Birtaniya a 1981. A na Birtaniya, cikin shekara biyar mutum 19 cikin 42 da ke samun oksijin na awa 15 suka rasu, a ɓangaren da ba sa samu kuwa 30 cikin 45. Ƙarancin oksijin na dogon lokaci yana matse jijiyoyin huhu, ɓangaren dama na zuciya ya yi ta turawa har ya gaji. Dogayen awanni ne ke sauke wa zuciya wannan nauyi.

Janairu zuwa Fabrairu: zamanin silinda

Iyalin sun karɓi hayar babbar silinda, wadda a nan ake ce wa ambuba, mai cin lita 40, a cike da matsi 150. Lissafin mai sauƙi ne: 40 sau 150, lita 6,000 ke nan na iska. A lita 2 a minti za ta yi awa 50, in an bar ɗan saura a ciki kamar yadda ya kamata, awa 45. Wato kwana uku. Cikawa goma a wata, kowace da kuɗin raksha da maza biyu masu ɗaga ƙarfe mai kusan kilo 50.

Mako biyu suka bi ƙa'ida. Silinda ta biyu ta ƙare a awa 30, aka zargi mai cikawa. Wani ma'aikacin jinya maƙwabcinsu ya shafa ruwan sabulu a mahaɗin kan silinda, kumfa ta taso: zoben roba ne ya tsage, iska tana zurara dare da rana. Shi ne kuma ya hana wani abu mafi muni. Da kuɗi suka yi ƙasa, aka samo silinda wajen mai walda, bakin bai shiga daidai ba, mai kawowa ya ɗauko giris zai shafa. Mai ko giris in ya haɗu da oksijin mai matsi yana iya kamawa da wuta nan take ba tare da ashana ba. Silindar walda kuma babu mai ba da tabbacin abin da ya taɓa zama a cikinta. Aka mayar da ita.

Daga tsakiyar Janairu sai tsarin ya koma na tattali. Ana rufe silinda, sai haki ya taso a buɗe, minti 20 ko 30, kuma a murɗa zuwa lita 5 ko 6 don ya yi saurin aiki. Jimillar abin da take samu bai wuce awa 3 a rana ba. A dararen da aka bar ta da lita 6, takan wuce asuba tana barci, ta tashi da ciwon kai, magana tana fita a hankali. 'Yar autar ta shaida wa yayanta a waya: "Yaya, Inna ta fara samun barci." Ba barcin sauƙi ba ne. A wasu masu wannan cuta, oksijin in ya yi yawa yana rikita yadda jini ke zagaya huhu, yana kuma rage ƙoƙarin numfashi, sai iskar kabon dayoksaid ta taru a jini. Ciwon kai da safe, gyangyaɗi da rikicewar tunani su ne alamunta. Dalilin sa iyaka ta sama, 92, ke nan.

Maris: injin da aka aiko daga Jidda

Ranar 4 ga Maris wani matafiyi ya kawo injin tace oksijin. Ƙarami ne, kilo 6, da rimot, a jikin kwali an rubuta lita 1 zuwa 7. Aka mayar da silindar haya.

Irin wannan inji ba ya ƙirƙirar oksijin. Iskar ɗaki, wadda kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne, yake zuƙa, kwamfiresa ta tura ta cikin tuluna biyu masu cike da tsakuwar ziyolait. Tsakuwar tana riƙe naitirojin, oksijin ya wuce. Tulu ɗaya yana aiki, ɗaya yana fitar da abin da ya riƙe, suna karɓa-karɓa kowane 'yan daƙiƙu. Yawan tsakuwa da ƙarfin kwamfiresa su ke yanke yawan abin da inji zai bayar, shi ya sa injin lita 5 na gaskiya yakan kai kilo 14 zuwa sama. Ƙaramin yana iya tace lita ɗaya ne. In an murɗa sama da haka, iskar ɗaki yake ƙarawa. Da aka auna shi daga baya da na'urar gwajin tsabta, ya ba da 88 cikin 100 a lita 1, 61 a lita 2, 34 a lita 5.

Akwai kuma abin da ba wanda ya duba. A bayan injin an rubuta 60 Hz, wato wuta mai juyawa sau 60 a daƙiƙa, irin wutar Saudiyya. Ta Sudan 50 ce. Kwamfiresar da aka yi don 60 tana juyawa a hankali a kan 50, tana kuma ɗaukar zafi. Ga ɗaukewar wuta ta awa 6 zuwa 8 a rana, sau da yawa da dare. A wannan wata ma'aunin yatsa yana nuna 85 zuwa 87 alhali robar tana hancinta, kumburin ƙafa ya hau zuwa gwiwa.

6 zuwa 17 ga Afrilu: akwatin ozon

Da ɗan ya ji babu sauƙi, sai ya aiko da na'ura ta biyu. Ya gan ta a wani bidiyo da ke yawo a WhatsApp, inda mai talla ke cewa ozon oksijin ne mai ƙarfi, ƙwaya uku maimakon biyu, yana kashe ƙwayoyin cuta yana wanke huhu. Farin akwati ne da bai kai bulo ɗaya ba, da agogon ƙidaya, da siririn tiyo mai dutse a baki na sawa cikin ruwan wanke kayan lambu. A jikinsa an rubuta miligiram 500 a awa.

Daga 6 ga Afrilu ana kunna shi minti 30, sau uku a rana, ƙofa a rufe, labule a sake, tana kwance a kan angarib, gadon igiya. Ɗakin mita 4 ne da 4, tsayinsa 3. Wari mai kaifi kamar na kulorin ya kama zannuwa. A kwana na biyu ta ce maƙogwaronta yana kaikayi, ƙirji yana zafi in ta ja numfashi mai zurfi. Ɗan ya ce mata a waya: "Inna, ki daure, aiki yake yi, dattin ne yake fitowa." Abin da bidiyon ya faɗa ke nan, ya kuma yarda da shi da zuciya ɗaya.

A kwana na huɗu jikarta mai shekara 9, mai ciwon asma, wadda ke kwana a ɗakin, ta fara tari da shessheƙa da dare. Idon 'yar autar yana ruwa duk lokacin da ta shiga. Robobin da aka ɗaure ledojin magani da su a kan tebur suka tsattsage suka tsinke, ba wanda ya danganta su da akwatin. Shaƙar salbutamol ta tashi daga sau 2 a rana zuwa sau 8 ko 10. Ranar 14 ga wata, ganin abin yana ƙaruwa, aka zare dutsen aka ajiye bakin tiyon kusa da matashin kanta.

17 ga Afrilu: kwanciya ta biyu

An kawo ta da ƙarfe biyun dare. Ma'auni 76, numfashi 32 a minti, ba ta iya haɗa kalma uku. Babu zazzaɓi, kaki fari ne, hoton ƙirji bai nuna sabon ciwon huhu ba. Aka sa mata takunkumin da ke ba da oksijin a ƙayyade, kashi 28, aka yi mata turaren salbutamol da ipratropium da inji, aka fara prednisolone miligiram 40 na kwana 5. Jinin da aka ɗiba daga jijiyar wuyan hannu ya nuna kabon dayoksaid 62, alhali daidai shi ne 35 zuwa 45.

Wannan gwaji ya fito da wani abu kuma. Lokacin da ma'aunin yatsa ke nuna 91, jinin kansa ya nuna 88. Sanannen abu ne cewa waɗannan ma'aunai suna ƙara wa masu baƙar fata lamba. Wani bincike a Jami'ar Michigan a 2020 ya gano cewa ƙarancin oksijin da ma'auni ya kasa gani ya kusa ninka uku a baƙaƙen marasa lafiya idan an kwatanta da farare. Likita ya gyara mata iyaka: a ma'auninta na gida, a riƙe 90 zuwa 93.

Da safe likita ya tambayi me ya canza a ɗakinta cikin mako biyu. Aka kawo akwatin. Lissafin da aka yi wa iyalin shi ne wannan. Ɗakin yana ɗaukar iska mita kubik 48, wato 4 sau 4 sau 3. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar ozon a iskar shaƙa a maikirogiram 100 cikin kowace mita kubik, a matsakaicin awa 8. A ɗakin duka, miligiram 4.8 ke nan. Akwatin da ke fitar da 500 a awa yana zuba wannan adadi cikin ƙasa da minti ɗaya. Ko da kashi ɗaya cikin goma na abin da aka rubuta yake fitarwa, minti 6 sun isa.

Jikar da aka mayar ɗakin mahaifiyarta ta daina shessheƙa cikin kwana uku ba tare da an canza mata magani ba. Dattijuwar ta kwana 9.

Mayu zuwa Yuni: tsarin da ya zauna

Kafin sallama aka zauna da 'yar autar da surukar, ɗan yana kan waya, aka tsara abubuwa huɗu tare: inji, wuta, ajiya da awanni.

Aka sayi injin lita 5 na asibiti, mai wuta 230 da 50 Hz, mai cin wat 350, mai ƙararrawar da ke kuka in tsabta ta faɗi ƙasa da 82. An auna shi a gaban mai saye: 93 a lita 2, 91 a lita 5. Wannan aunawa ita ce sharaɗin biyan kuɗi.

Wuta ce ta fi cin lokaci. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat 2,400 na awa ɗaya a takarda. Batirin ruwa ba a zuƙe shi ƙasa da rabi in ana so ya daɗe, inbata kuma tana cin nata kaso, sai abin da ya rage ya zama kusan 1,000. Awa 3 ke nan ga wannan inji. Aka sayi biyu, awa 6, da faifan sola biyu masu wat 550 don caji da rana. Inbatar da ke gidan tun da can, ta fanka da talabijin, ta sa kwamfiresa gurnani da zafi, ta kashe kanta bayan minti 40. Inji mai kwamfiresa yana buƙatar inbata mai fitar da wuta sumul irin ta layi, mai ƙarfin da ya ninka na injin sau uku ko fiye, saboda fizgar tashi. Aka canza da mai wat 1,500. An yi shawarar janareta aka ajiye: hayaƙinsa yana ɗauke da kabon monoksaid, ma'aunin yatsa kuwa yana karanta wannan guba a matsayin oksijin, ya nuna lamba mai kyau mutum yana halaka.

A makon farko ƙararrawa tana kuka kullum bayan azahar. Zafin Mayu ya haura 40, injin kuma yana jingine da bango a ɗaki mai rufin kwano. Surukar ta matsar da shi gaban na'urar sanyaya ɗaki mai ruwa, mai gyara ya ce a ɗauke shi nan take, domin danshi shi ke kashe ziyolait, in ta jiƙe ba ta dawowa. Aka kai shi ɗakin tsakiya mai ginin ƙasa, taku ɗaya daga bango, fanka tana kaɗa masa, aka ja tiyo mai mita 10 zuwa gadonta. Soson matata na baya, wanda littafin inji ya ce a wanke duk mako, ana wanke shi duk kwana biyu a lokacin habub, guguwar ƙura, akwai na canji don kada a mayar da jiƙaƙƙe. Aka cire kwalbar ruwan da ke gaban inji. A lita 2 ba a cika buƙatarta ba, murfinta kuma wurin zurara ne. Robar hanci ana canza ta duk mako uku.

Babbar silinda ta dawo, amma a matsayin ajiya, ɗaure da sarƙa a kusurwa. Ƙarama mai lita 10, wadda ke yin awa 12 a lita 2, ita ce ta zuwa asibiti. An manna takarda a kan ma'aunin lita: kada a wuce 2 sai da izinin likita.

Awannin an ɗora su a kan lokutan salla don kowa ya riƙe: daga isha'i zuwa hantsi awa 12, daga azahar zuwa bayan la'asar awa 4. Jikar ce ke rubutawa a littafin makaranta, da lambar ma'auni safe da dare, bayan kakar ta zauna minti biyar, a yatsan da aka daina sa wa lalle.

Murhun gawayin jabana da kaskon turare sun bar ɗakin gaba ɗaya, a tsakar gida ma sai an cire robar an kashe inji. Oksijin yana shiga mayafi da gashi, tartsatsi ɗaya ya isa. Da hancinta ya bushe ta nemi basilin, aka ba ta man shafawa na ruwa daga kantin magani, domin duk abin da ke da maiƙo abincin wuta ne. Tuyar kisra ta koma fili, a hannun surukar. Hana turaren ya fi komai yi mata ciwo. Ta ce wa 'yarta ɗakin mace babu ƙamshi kamar ɗakin makoki ne. Aka daidaita a kan turara kayanta a waje, a shanya su su sha iska kafin a shigo da su.

Satumba: sake aunawa

Ranar 10 ga Satumba, wata huɗu da rabi bayan sallama, littafin ya nuna matsakaicin awa 16 a rana. An taɓa babbar silinda sau biyar, duk a kwanakin hadari da sola bai cika batir ba. A lita 2 ma'auni yana 91 zuwa 92. Da aka cire oksijin na minti 30 ya sauka 87, don haka an ci gaba. Kaurin jini ya sauko daga 57 zuwa 50, kumburi ya koma idon sawu, ciwon kan safe ya ɓace, salbutamol sau 2 a rana. Ba ta sake kwanciya asibiti ba. Haki bai tafi ba, har yanzu a zaune take salla, amma tana zagaya tsakar gida sau uku da safe da tiyonta a baya. Tsabtar inji ta nuna 92.

Abin da ya yi aiki, da dalili

Silinda ba ta gaza don iskarta ba ta da kyau ba. Ta gaza ne don gida mai neman awa 15 ba zai iya ɗaukar cikawa goma a wata ba, kuma da tattali ya shigo sai aka mayar da maganin awanni ya zama na ko-ta-kwana, aka haɗa da murɗawar da ta tara mata gurɓatacciyar iska. Ƙaramin injin ya gaza don lambar da ke kan kwali ta yawan iska ce, ba ta tsabta ba. Wata guda tana sanye da roba a hanci, kowa hankalinsa a kwance, jininta yana ƙasa da 88. Da an riƙa rubuta lambar ma'auni tun Maris, da an gano cikin kwana biyu.

Ozon kuwa ba gazawa ya yi ba, cutarwa ya yi. Jini oksijin mai ƙwaya biyu yake ɗauka. Ƙwayar ta uku da ake talla da ita sakakkiya ce, tana kama duk abin da ta taɓa ta ƙone shi. Abin da ya tsinka robobin kan tebur shi ne ya taɓa fatar hanyoyin iskarta, ta kumbura, bututun da dama a matse suke suka ƙara matsewa. Ta fuskar yawa ma babu riba: iskar ɗaki tana da oksijin kashi 210,000 cikin miliyan, ozon kashi ɗaya cikin miliyan ya riga ya zama guba, bai kuma ƙara komai a kan wancan ba. Ba ya kwashe ƙura ko hayaƙi. Dokar hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta kira shi iska mai guba wadda ba a san mata amfanin magani ba, ta kuma bayyana cewa kafin ya kashe ƙwayoyin cuta sai yawansa ya wuce abin da mutum zai jure nesa ba kusa ba. Yana da wurinsa a tace ruwan sha da kawar da wari a ɗakin da babu kowa. Zafin Afrilu da ƙura da raunin ƙaramin inji sun taimaka wajen kwantar da ita, amma jikar da ta kamu tare da ita ta kuma warke da barin ɗakin ta nuna inda babban laifin yake. Mafi ciwo a lamarin shi ne yadda tallan ya riga ya fassara alamun gargaɗi, zafin ƙirji da tari, a matsayin alamun waraka, har ɗa mai son mahaifiyarsa ya roƙe ta ta daure.

Nasarar ba ta nufin duk mai haki ya nemi inji. Maƙwabta biyu sun zo aro, aka auna su, ɗaya 94 ɗaya 92, aka tura su asibiti. Binciken da aka buga a Amurka a 2016 bai sami amfanin oksijin na dogon lokaci ba ga masu COPD da ma'auninsu ke tsakanin 89 da 93 a zaune.

Raunin da ya rage a tsarin shi ne batir. Batirin ruwa yana saurin tsufa a zafin Gadarif, kuma a Satumba biyun sun sauko daga awa 6 zuwa 5. Ɗan yana ware wani abu duk wata don canza su kafin bazara, an kuma sa ranar sake auna tsabtar inji da jininta a watan Disamba.